Hannun Abigail

Duk wanda ya zauna a Nukkai a shekarun nan ya san ba a shiga gidan Malam Simeon da la'asar. Ba kare gare shi ba, ba kuma rowa ba ce. Karatu ake yi. Da zarar inuwar mangwaron tsakar gida ta kai bakin rijiya, sai ya fito da kujerarsa ta ƙarfe, tabarau a kan hanci, takardu a hannu, matarsa Abigail kuma ta shimfiɗa tabarma, ta jawo faifan gyaɗa ta hau ɓara. Shi yana karantawa, ita tana ƙas, ƙas, ƙas. Ko faston cocinsu ne ya zo a wannan lokacin, sai dai ya samu benci a ƙofar gida ya jira.

Malamin Hausa ne a da, shekara talatin da biyar yana fama da 'ya'yan mutane a sakandare, amma shi in ka tambaye shi sana'arsa cewa zai yi marubuci ne. Littafi shida ya fitar, tun zamanin da ake cusa takardu a jaka a hau mota zuwa Jos, a kwana uku a bakin maɗaba'a, a dawo da kwalaye suna ƙamshin tawada. Kuma duk shidan nan babu shafi ɗaya da ya fita bai bi ta hannun Abigail ba. Hannu na ce, ba ido ba. Abigail 'yar Kona ce, a gona ta tashi, ko sunanta a takarda sai an nuna mata.

Ga yadda suke yi. Idan labari ya kama ta, hannun yakan tsaya da kansa, gyaɗa a tsakanin yatsu ba ta ɓare ba, to wannan shafin ya tsira. In kuwa har ya kai ƙarshe hannun bai fasa aiki ba, babu gardama babu tambaya, sai ya miƙa mata takardun, washegari ta ƙunsa soyayyar gyaɗa a ciki ta sayar a ƙofar gida. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce wannan bai yi ba. Hannun ne alƙali. Malam Simeon kuwa, mutumin da ko shugaban makaranta bai isa ya gyara masa jimla ba, babu abin da yake tsoro a duniya kamar hannun nan.

Ranar da aka yi masa liyafar ritaya ya miƙe a gaban jama'a, ya ce idonsa ya fara gajiya, saura littafi ɗaya a cikinsa, in ya sauke shi ya ajiye biro har abada. Aka yi ta tafi. Littafin shi ne *Hanyar Iware*, labarin wata mai sayar da kunu, Saliha, wadda mijinta Umar direban babbar mota ya fita da safe bai dawo ba sai bayan shekara ashirin. Cikin shekara biyu ya gama babi ashirin da uku, hannun Abigail ya tsaya a kan kowanne. A babi na goma sha ɗaya ma faifan ne ya zame mata daga cinya, kaji suka yi biki. Saura babi ɗaya, na ashirin da huɗu, inda Umar zai tsaya a ƙofar Saliha.

Wannan babin ne ya cinye masa shekara tara.

Sau goma sha huɗu yana rubuta shi. Ya sa Saliha ta yafe, hannu bai tsaya ba. Ya sa ta kore shi da muciya, bai tsaya ba. Ya aurar da ita ga wani mahauci, ya mayar da Umar makaho, ya kashe shi sau huɗu, sau ɗaya har da gobara. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar ba da ita ake ba. Rabin yaran Nukkai sun ci gyaɗa a cikin mutuwar Umar ba su sani ba. Shi kuwa kowane lokaci sai ya cire tabarau ya murza ido, ya yi ajiyar zuciya.

"Bai yi ba ke nan, Maman Hope."

"Kai ne mai littafi," in ji ta, idonta a kan faifai.

"To, zan gyara. Gobe da la'asar."

Kuma gobe da la'asar zai fito. In babin bai haɗu ba ya karanta mata rabi, in babu rabin ya karanta mata abin da yake tunanin sawa. Burinsa ɗaya ne tak a rayuwar da ta rage masa: ya ga hannun matar nan ya tsaya a kan babi na ashirin da huɗu, ya rubuta "ƙarshe" a ƙasan shafi, ya huta.

Hope ce ta kawo waya cikin maganar. Ita ce 'yarsu tilo, ma'aikaciyar jinya, tana aure can cikin gari, irin matan nan da ba sa iya ganin abu ajiye su bar shi. Wata Lahadi bayan an tashi coci ta tarar da shi yana kaɗe ƙura daga kan tulin takardun.

"Baba, wa yake zuwa Jos buga littafi yanzu? Ko ka buga, wa zai saya? Mutane a waya suke karatu. Ka ba ni in kai a buga a kwamfuta, mu buɗe maka guruf a Wasaf, ka riƙa saka babi biyu a mako."

"Littafin da bai ƙare ba?"

"Kafin su kai ƙarshen ka gama. Kai fa sai an tsaya maka a ka, Baba, na san ka."

Ya yi ta gunaguni cewa labari ba kunu ba ne da za a riƙa ɗiba da ludayi, amma ya miƙa mata. Ta sayo masa waya mai fuska kamar faranti. Makon farko abin dariya abin tausayi: yatsunsa sun saba da alli, in ya nufi harafi ɗaya sai ya danna uku. Sau biyu yana tura babi na ɗaya zuwa guruf ɗin dattawan coci. Ga kuma tsohon halin nan nasa na gyara. Zai saka babi, mutane sun fara karantawa, sai ya hango wata kalma da ba ta zauna masa ba, ya goge saƙon gaba ɗaya ya sake turawa. Wata mai suna Vivian, da Hope ta ɗora kan kula da guruf ɗin, har roƙonsa ta yi, "Baba don Allah ka daina gogewa, muna tsakiyar kuka sai mu ga babu labari."

To amma da mutane suka fara shigowa, kai! Daga mutum arba'in zuwa ɗari uku, zuwa ɗari takwas. Daga Yola, daga Gombe, har wata a Legas da ta ce uwarta ma kunu take sayarwa. Da ƙarfe huɗu na yamma ake saka babi, kafin huɗu da rabi wayar ta fara ɓari a hannunsa. Ga hoton fuska mai kuka, ga na wuta, ga masu tsine wa Umar, ga masu cewa a ba su lambar Saliha. Malam Simeon bai taɓa ganin fuskar mai karanta littafinsa ba in ban da matarsa. Yanzu ga su nan ɗaruruwa suna kiransa Baba Marubuci. Ai kuwa abin ya shige shi.

Ƙarfe huɗu fa ita ce la'asar. Yana fitowa da kujerar dai kamar kullum, amma waya ce a hannunsa ba takarda ba. Abigail za ta shimfiɗa tabarmarta, ta jawo faifai, ta ɓare gyaɗar da ƙanenta Matiyu yake aiko mata daga gonarsa ta Iware, tana jin sa yana dariya shi kaɗai. Ko ranar da ba a saka babi ba, akwai sharhin jiya da bai gama amsawa ba. Ta yi haƙuri mako uku, ta yi huɗu, har aka doshi goma. Ba mai yawan magana ba ce, shi ma haka, don in ka cire takardar nan daga tsakaninsu, maganarsu ba ta wuce an kawo wuta, an ɗauke wuta.

Ranar da aka saka babi na ashirin ta yi magana.

"Baban Hope, ina aka kwana da Saliha?"

"Ai kin san komai. Tsofaffin babi ne nake saka musu."

"Na ƙarshen fa? Ba ka karanta min ba tuntuni."

Da ma a wuya yake. Saura babi uku a hannunsa, na huɗun babu shi, mutum ɗari takwas suna jira. Ya riga ya ɗan saka musu ɗanɗanon wanda ya rubuta na goma sha huɗu, wanda Umar ya mutu a bakin ƙofa, suka yi ta yabo har wata ta ce ta kasa cin abinci. Sai kawai ya ji bakinsa ya riga hankalinsa.

"In karanta miki don me? Shekara tara ina karanta miki! Mutum ɗari takwas masu ilimi sun ce ya yi, ke kaɗai ce kullum bai yi ba. Ke da ko baƙi ɗaya ba ki sani ba, me kika sani a littafi?"

Haba Malam Simeon. Shekara arba'in da ɗaya da aure bai taɓa goranta mata wannan ba sai ranar. Abigail ta tattara ɓawon gyaɗar a gefe guda, ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki faifai ta shige ɗaki. Washegari da la'asar ya fito da kujera, ita ba ta fito ba. Ya so ya je ya ba ta haƙuri, wallahi ya so, sai dai ya ce bari ya gama amsa wa mutanen nan tukuna. Haka ya yi ta cewa har kwana goma sha biyu.

A rana ta goma sha uku, da hantsi, ta faɗi a bakin rijiya da guga a hannu. Maƙwabciyarsu Goggo Aisatu, wata tsohuwar Bafulatana da suka shekara talatin suna miƙa wa juna gishiri ta kan katanga, ita ce ta ji ƙarar gugan ta kwarma ihu. A Keke Napep aka kai ta asibiti. Hawan jini ne, ya shanye mata ɓarin dama, ya tafi da maganarta. Sati biyu aka yi aka sallamo su. Hope ta ja uban gefe a bakin mota, ta yi masa magana irin ta ma'aikatan jinya, a hankali ba tare da kwana-kwana ba: zuciyar ma ta gaji, a kai ta gida ta huta, a daina wahalar da ita da allura.

Ya gane abin da take nufi. Ya zauna a bakin gado ya riƙe hannun daman, hannun nan da ya yanke wa littafi shida hukunci, ya ji shi da nauyi da sanyi kamar ba nata ba. Ya ce ta yafe masa. Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da ɗan yaren Kona da ya koya lokacin yana neman ta. Idonta yana kansa, amma ko ta yafe ko ba ta yafe ba, babu bakin faɗa.

Ya zauna ya rubuta na goma sha biyar cikin kwana uku. Aka fito da ita gindin mangwaro, aka jingina ta da matasai, ya karanta mata tun daga farko har ƙarshe. Hannayenta biyu suna kan cinya, ba su motsa ba. Da ya ɗago ya gan su haka sai da murna ta kama shi, kafin ya tuna. Ai tun kafin ya buɗe baki a tsaye suke. Abin da ya shekara tara yana roƙon Allah ya gani ga shi a gabansa, ba ya nufin komai. Ya kifa takardun a kan fuskarsa ya yi kuka kamar yaro.

Ashe Goggo Aisatu tana tsaye a bakin zaure tana kallo. Ta juya ta fita, ba ta daɗe ba ta dawo da wani ƙunshi a tsohon ɗankwali, ta tsuguna nesa kaɗan da kujerarsa.

"Baban Hope, amana ce a hannuna. Ta ce sai bayan ranta in ba ka. To ni tsohuwa ce, ban san wa zai riga wani ba, kuma ba zan iya kallon wannan in yi shiru ba." Ta dubi Abigail. "Adda, ki yafe ni, zan karya miki alkawari."

Ya kwance ɗankwalin. Takardu ne shafi tara, sun yi ja don tsufa, rubutun hannunsa ne. A saman shafin farko ya ga inda ya rubuta *24*, da ɗan ƙaramin *3* a cikin da'ira. Na uku ke nan. A gefen shafin akwai wani tabo baƙi-baƙi, girman ƙwayar gyaɗa.

"Wannan ai tun shekara takwas na ba ta ta ƙunsa gyaɗa."

"Ba ta ƙunsa ba. A daren ranar ta miƙo min ta katanga, ta ce in sa a ƙasan kwalla, don in a gidanku ne za ka gani. Ta ce Aisatu, wannan shi ne. Ta ce tun kana tsakiyar karantawa hannunta ya nemi tsayawa, sai da ta danna farce cikin ɓawo da ƙarfi har farcen ya tsage jini ya fito, don zafin ya sa ta ci gaba."

Ya tuna ranar sarai. Ya tuna ta karɓi takardun da yatsa a baki, har ya yi mata faɗa cewa ta riƙa kula.

"Don me?" Ya ɗago ya dube ta. "Don me za ta yi min haka? Shekara takwas, Goggo!"

"Ni ma na tambaye ta. Ta ce kai da bakinka ka faɗa a gaban mutane, daga wannan ka ajiye biro. Ta ce Baban Hope mutumin kirki ne, bai taɓa zagina ba, bai taɓa barina da yunwa ba, amma in babu takarda a hannunsa bai san yadda ake zama da mutum ba. In littafin nan ya ƙare, la'asar ɗina ta ƙare." Goggo Aisatu ta share ido da gefen mayafi. "Ta ce shekara ɗaya kawai za ta ƙara. To ka san yadda abin yake, shekara ta zo ta kasa."

Ya so ya yi fushi. Yana da dalili kuwa: shekara takwas na ciwon kai, da dararen da ya yi yana zargin kansa cewa basirar ta ƙafe. Ya juya ya dubi matarsa. Ta ji komai. Hawaye yana gangarowa ta idon hagu, ta kawar da kai gefe kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya. Fushin bai samu wurin zama ba. Abin da ya tsaya masa a ƙirji shi ne kwana goma sha biyun nan, da makonnin da suka gabace su, da ya zauna taku uku daga gare ta yana yi wa waya dariya.

Da Goggo ta tafi ya karanta shafi taran shi kaɗai. Babu gobara, babu makanta, babu mahauci. Umar ya tsaya a ƙofa da furfura. Saliha ta ɗago ta dube shi, ta shiga ɗaki ta ɗauko kofin silbar da yake shan ruwa da shi, wanda ta shekara ashirin tana wankewa duk Juma'a, ta cika ta miƙa masa, ta ce, "Ka ci abinci?" Shi ke nan. Ya rasa yadda aka yi ya yarda cewa wannan bai yi ba.

Washegari da la'asar ya yi dabara. Hannu ɗaya ba ya ɓarar gyaɗa, amma yana tsinta. Ya ɓare da kansa, yatsunsa suna zafi, ya zuba a faifai har da ruɓaɓɓu, ya ɗora mata a cinya ya sa hannunta na hagu a kai. Da farko yatsun ba su yi komai ba, can sai suka fara laluba, suna ture mai kyau gefe, marar kyau gefe. Ya gyara tabarau ya fara karanta na uku.

Bai yarda ya kalli fuskarta ba, kunnensa ya bari a kan faifai. Caras, caras. Da ya zo inda Saliha ta ɗauko kofi sai ƙarar ta yanke, kamar numfashi biyu. Sannan ta dawo, da ƙyar, da gangan, yatsun suna tura gyaɗar da suka riga suka tsince. Ya kai ƙarshe. Ya cire tabarau ya murza ido kamar yadda ya saba.

"Bai yi ba ke nan, Maman Hope."

Gefen bakinta mai rai ya ɗan motsa.

"To, zan gyara. Gobe da la'asar."

Babu abin da ya gyara. Wani lokaci yakan canza "ta cika" zuwa "ta zuba", don kada a ce bai yi aiki ba, jibi ya mayar. Kullum hannun ya yi ɗan tsayawar nan a wurin kofi, kullum ya ci gaba, kullum ya ce bai yi ba. Ita ta san ya sani, shi ma ya san ta sani. Bayan karatun ma ba ya tashi. Ya koyi zama haka nan, yana ba ta labarin wanda ya wuce a titi da abin da kaji suka yi, yana ɗan shekara sittin da tara.

A can cikin waya kuwa gari ya kama da wuta. An saka babi na ashirin da uku tun kafin a kai ta asibiti, daga nan shiru. Masu tambaya suka koma masu gori. Wani ya ce da ma tsofaffin marubutan nan haka suke, su ja maka rai su gudu. Wata ta rubuta nata ƙarshen, inda Saliha ta zama hajiya mai gidan mai, aka yi ta yaɗawa da sunansa a kai. Mutane suka fara fita, ɗari takwas ta koma ɗari biyar. Hope ta zo da wayar a hannu.

"Baba, ga shi a rubuce, shafi tara ne kawai. Ka ba ni minti goma in ɗauki hotonsa in tura. Sunanka ake ɓatawa."

"Bai wuce ba tukuna."

"Wurin wa? Baba, Mama fa ba ta..."

"Uwarki ba ta sa hannu ba. Littafina bai taɓa fita ba sai ta sa hannu." Ya karɓi wayar ya jefa a aljihun tebur.

Kwana goma sha shida suka yi a haka. Tana ramewa a idonsa, kunu ma sai cokali uku. A rana ta goma sha bakwai, wata Talata, hadari ya taso ta wajen duwatsun Kona ya tsaya bai sauko ba, Hope ta ce a bar ta a ɗaki, amma Abigail ta yi ta kallon ƙofa har sai da aka fito da ita. Ya ɗora faifai, ya zauna, ya fara. Caras, caras, a hankali fiye da kullum. Umar ya tsaya a ƙofa. Saliha ta shiga ɗaki. Ta ɗauko kofi.

Ƙarar ta yanke.

Ya rage murya yana jiran ta dawo. Ya karanta jimla ta gaba, da ta gaba. Shiru. Ya kai "Ka ci abinci?" ya ɗago a firgice. Idonta biyu, tana kallonsa tar, babu hawaye. Ta buɗe tafin hannunta ta kifa shi a kan gyaɗar, ta bar shi a nan.

"A'a," ya ce. "A'a, Maman Hope, ba ki ji da kyau ba. Iska ce ta ɗauke muryata. Bari in sake."

Hannun bai motsa ba.

"Akwai gyara, wallahi akwai. Dubi nan, shafi na huɗu, na yi tsawo da yawa. Kofin ma, wa yake ajiye kofi shekara ashirin? Ba a yi. Ki ba ni zuwa gobe." Ya sauko daga kujerar ya durƙusa a kan tabarma, ya ɗebi gyaɗa yana cusa mata a tsakanin yatsu. "Tsince. Ga ruɓaɓɓiya nan, ba ki gani ba? Abigail, don Allah ki tsince."

Rabon da ya kira sunanta tun kafin a haifi Hope. Ta zare hannun daga nasa a hankali, gyaɗar ta zube. Ta lalubo takardun da ke kan gwiwarsa, ta tura su zuwa ƙirjinsa da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta danna sau biyu. Sannan ta mayar da hannun kan faifai ta kwantar da shi.

Shekara tara yana jiran wannan hukuncin. Ya sa goshinsa a gefen faifan yana cewa bai yi ba, bai yi ba, har ruwan ya fara sauka Hope da Goggo Aisatu suka zo suka ɗauke ta.

Ranar Alhamis da safe ta rasu. A Kona aka binne ta, kusa da uwarta, matan zumuntar coci suka yi ta waƙa har rana ta karkata.

Bayan mako guda ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko wayar. Bai bari Hope ta ɗauki hoto ba, shi ya buga shafi taran da yatsa ɗaya, ya kwana biyu yana yi, bai canza ko harafi ba. Ya tura da ƙarfe huɗu. Mutum ɗari huɗu da suka rage suka taso kamar an watsa wa kaji tsaba: fuskoki masu kuka, hannuwa masu tafi, Vivian ta rubuta cewa wannan ƙarshen ya cancanci jira. Wayar tana ta ɓari a tafinsa. Ya kifa ta a kan tebur.

Inuwar mangwaro ta kai bakin rijiya. Ya ɗauki kujerarsa ya fito ya ajiye ta inda take zama, ya koma ya ɗauko tabarmar ya shimfiɗa. Ya zauna, hannunsa babu takarda. Goggo Aisatu ta leƙo ta katanga za ta yi masa sannu, da ta ga tabarmar sai ta fasa, ta koma ciki.